Filo Ba Nauyi, Sai Cin Wuri

Zuwa ga maigidana, Baban 'Yan Biyu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya teku, ya zafin kicin? Ya ƙafar nan taka mai kumbura in ka daɗe a tsaye? Mu nan lafiya lau. 'Yan biyu suna gaishe ka. Inna ta ce in tambaye ka ko a jirgin naku kuku ba ya cin abin da ya dafa ne, don hoton da ka aiko duk wuya ne da kunnuwa.

Na san sai jirgi ya tsaya wakilin kamfani zai miƙa maka wannan takarda, to ka nemi wuri ka zauna. Minti biyun da ake ba ku a waya ko gaisuwa ba ya ƙarewa, ni kuwa bakina cike yake da labari.

Albishirinka! Filon da nake ɗinkawa ya samu kasuwa. Tunda na sa hotunansu a intanet oda ta tashi daga goma a mako zuwa sittin, har na ɗauki mata biyu suna taya ni ɗinki. Sai dai gidan ya koma sito. Falo filo, ƙarƙashin gado filo, Inna sai ta ture uku kafin ta samu wurin shimfiɗa darduma. Ni ce mai ɗinki, ni ce mai ɗaure kwali, ni ce mai kaiwa tasha. Makon jiya na aika wa wani tsoho filon jarirai, na aika wa mai jego nasa. Sai da na ba da haƙuri har bakina ya bushe.

Shi ne na nemo wani kamfanin ajiya da aika kaya. Kai musu kaya kawai za ka yi, su ajiye, in oda ta shigo su ɗaure su kai wa mai shi har ƙofa. Na je na gani da idona. Dogon gini ne a bayan gari, kantocin ƙarfe har rufi, kowace da lambarta, ga mata a bakin wani dogon tebur ba ka jin komai sai ƙarar salatif.

Ka san ba banza kake kira na Akawu ba. Na ɗauko littafina na ja layi huɗu: kuɗin ajiya, kuɗin ɗaurewa, kuɗin aikawa, da ɗan abin da na ware saboda kayan da za a dawo da su. A takardarsu kuɗin aikawa da kilo yake tafiya. Na ɗora filo a sikelinka na kicin, ko kilo ɗaya bai cika ba, wato ina layin mafi araha ke nan. Na ce kanta biyu ta ishe ni. Na cire kuɗin auduga da yadi da na masu ɗinki, na buga sau uku, abin da ke saura a wata dubu casa'in. Kai kuma dubu tamanin kake aiko mana.

Ka ga inda na dosa. Saura wata uku kwantiraginka ya ƙare. Don Allah kada ka sa hannu a sabo. Shekara shida ke nan, Baban 'Yan Biyu. Ka tafi suna rarrafe, yanzu suna gyara mini karatu. Ni na gaji da zama jaruma. Ina kewar tarinka na safe, ina kewar mitar da kake yi cewa ban iya yanka albasa ba. Ranar nan na tsinci kaina ina yanka ta manya-manya da gangan, na juya, ba mai yi mini faɗa. Ka dawo gida, filo zai ciyar da mu.

Ka gaida abokan aiki. Allah ya tsare mana kai.

Matarka,
Akawu

*

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ƙafa kuma da sauƙi. Yara da Inna lafiya. Saƙonka ya iso, na ji ka ce ka karanta wasiƙata sau biyar har miya ta kama. Na yi dariya, daga baya kuma na yi kuka, don ranar ce takardar kuɗin wata na farko ta zo daga kamfanin ajiya.

Ban san ta inda zan fara ba. Abin da suka rubuta ya ninka lissafina har da ɗoriya. Na ɗauki littafina na tafi a fusace, na ce yau sai an nuna mini ɓarawon. Manajan bai yi musu da ni ba. Ya sa aka kawo kwalin filo ɗaya. Ina jira ya ɗora a sikeli, sai na ga ya zaro tef irin na tela, ya auna tsawo da faɗi da tsayi. Ya ce Hajiya, mota ba nauyi ke cika ta ba, wuri ne. Kwalin da ya cinye wurin kilo biyar, kuɗin kilo biyar zai biya, ko da iska ce a ciki. Ya juya takardar yarjejeniya ya nuna mini a baya, da ƙananan haruffa. Wallahi na karanta wurin tun farko, na ɗauka da masu sayar da firji ake.

Bai tsaya nan ba. Ya zaga da ni cikin sito ya nuna mini kayana. Kanta biyun da na lissafa, bakwai suka ci. A gida ni danna su nake yi da gwiwa in cusa a lungu, su kuwa kowane filo da kwalinsa, ya miƙe ƙafa kamar mai gidan haya. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Na fito na zauna a bakin ƙofa na sake bugawa. Dubu casa'in ɗin nan ta koma ashirin da biyar. Ga shi na sa hannu na wata shida, in na janye akwai tara.

Shekara nawa ina riƙe filo a hannu, kullum ina yabonsa da rashin nauyi, ban taɓa tunanin ana sayar da wuri ba. Kunya ta ishe ni. Ni da na ce maka na buga sau uku.

Kwana biyu wannan wasiƙa tana cikin jakata ban aika ba. Zuciyata ta ce in yi shiru, in bari ka dawo tukuna, in ya so mu ci tuwon rigimar tare. Amma ban taɓa ɓoye maka kwabo ba, ba zan fara da wannan ba. Na san a tashar da za ku tsaya nan gaba kyaftin zai kawo muku takardun sabuntawa, na kuma san halinka, ba ka barci in ka ji kuɗin makaranta na rawa. Ina roƙonka, ka ba ni lokaci. Ka ce masa kana shawara. Mai nema yana tare da samu, zan nemo hanya. Na fi son mu yi ƙarancin nama a miya da kai a gida.

Ka yafe mini.

Matarka, wadda ba ta cancanci sunan Akawu ba a wannan wata

*

Maigida,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Ya jiki, ya hanya? Muna lafiya. Zan ba ka labarin a jere yadda ya faru, don in na fara da ƙarshensa ba zan iya rubuta sauran ba.

Kwana takwas da aika maka waccan wasiƙa na koma sito kai kaya. A teburin ɗaure kaya akwai wata dattijuwa da kowa ke kira Anti Salatif, saboda kullum da naɗin salatif a hannunta kamar awarwaro. Ta ja ni gefe ta ce ta ga zamana a bakin ƙofa ranar nan, abin ya tsaya mata a rai. Ta ce 'yata, ke iska kike biya wa haya. Ta nuna mini kayan wani mai sayar da barguna a kanta ta gaba, kowane bargo a cikin leda, a shafe kamar an yi masa guga. Ashe akwai ɗan inji da ke zuƙe iskar ya liƙe bakin ledar. Da na ba ta labarinka, ta ce ba aikinta ba ne ta faɗa, kamfani ya fi son kantoci a cike, amma ita ma ta yi zaman jiran miji.

Na samo injin na hannu a kasuwa. Na sa filo a leda na kunna, ina kallo ya lotse ya koma kamar littafi. Na ce na kashe shi. Na yanke ledar, sai ga shi yana tashi a hankali har ya koma yadda yake. Inna ta yi salati, 'yan biyu suka sa ni na maimaita sau shida. Yanzu kanta biyu ta ɗauke kayana duka, manaja ya auna da tef ɗinsa ya ce kilo ɗaya da rabi. Na buga lissafi, na kai wa Anti Salatif ta duba, na kai wa manajan ma ya duba bayan takarda da gabanta. Dubu tamanin da biyar ke saura, wannan karon ba kuskure.

Na dawo gida da guduna in rubuto maka, na tarar da saƙonka daga ofishin kamfani. Layi uku. Ka sa hannu na shekara ɗaya, jirgi ya tashi, kada in damu, kuskure na kowa ne.

Kada in damu! Da ka zage ni da ya fi mini sauƙi. Kwana takwas, Baban 'Yan Biyu. Da na riƙe waccan takarda a jaka kwana takwas, da yanzu kana haɗa akwati. Na yi fushi da kai na yini guda, don na roƙe ka ka jira. Daga baya na ga ba ni da bakin magana, ni na tsorata ka, kai kuma ka yi abin da uba ke yi. Da-na-sani ƙeya ce. Duk da haka in an sake, gaskiyar zan kuma faɗa maka, sai dai ina jin zafinta har cikin ƙashi. Ban gaya wa yara ba tukuna. Inna ta gane da ganin fuskata, ta shiga ɗaki.

Akwai abin da ban faɗa maka ba, na so in ba ka mamaki. Tun ranar da na aika wasiƙar farko na sayi tikitin mota guda uku, ni da 'yan biyu, mu je mu tarye ka a bakin tashar jirgi. Yau da safe na je mayarwa. Mai tikitin ya ce ba a mayar da kuɗi, sai dai a canza rana. Ya ɗauki biro ya ce wace rana zai sa. Na tsaya ina kallonsa, mutane na bayana suna tsaki, har ya ce in matsa gefe in na tuna in dawo.

Ka tambayi kyaftin, ka rubuto mini rana da watan dawowarka, da hannunka. Mutumin ya ce zai riƙe mini tikitin zuwa ƙarshen wata.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo mini da kai.

Matarka mai jiranka,
Akawu