Kurma, Rumbun Kaka Marka

Alhamis, 23 ga Nuwamba, 1967
Yau a darasin Labarin Ƙasa Malama ta ja layi biyu a allo. Na yawan mutanen duniya yana hawa kamar tsani, na abinci yana rarrafe a ƙasa. Ta ce kafin mu tsufa jama'a za su ninka, kuma inda aka cunkushe annoba ba ta shan wahalar tafiya. Ta tambayi abin da kowaccenmu za ta yi a garinsu. Ina da amsa, ban ɗaga hannu ba. Kullum haka nake.

Da aka tashi na leƙa siton makaranta. Buhuna a jere, tsaf. Na tuna rumbunan gidan kakata, laka da jinka, sai na ji wata irin kunya.

Asabar, 9 ga Disamba, 1967
Hutu. Baba ya sa ni a mota daga Malumfashi zuwa Ƙarfi, Kawu Labo, yayan Inna, ya tarye ni da keke zuwa gidan gona. Mutum ashirin da uku ke cin tukunyar gidan yanzu. Shekarar ƙidaya goma sha bakwai ne. Kaka Marka ta kama ni ina lanƙwasa yatsu, ta ce, "Malama, ba a ƙirga mini jikoki kamar awaki."

Su suna kan al'adar kakanni, ni kaɗai ke azumi, amma kafin rana ta faɗi Kaka ta dama mini kunun tsamiya ta rufe da faifai. Allah ya saka mata.

Litinin, 11 ga Disamba, 1967
Akwai rumbu ɗaya a bayan ɗakin Kaka da ake kira Kurma, wai don ba ya jin roƙon kowa. An yaɓe bakinsa da laka, ga shatin tafin hannun Kaka a jiki. Hannun da ya rufe shi ne kaɗai ke buɗewa. Duk lokacin girbi tana cire dami ɗaya cikin goma ta zuba masa da zangarniyarsa, ba a sussuka, toka a ƙasa, toka a sama. Sai bayan shekara uku take kwashe na ƙasa.

Na ce, Kaka, ai wannan ɓarna ce, hatsi yana tsufa ba mai ci. Ta dube ni ta ce tana yarinya aka yi yunwar Kakalaba, ta ga ana tonon gidan tururuwa don tsabar gero. Bayan shekara huɗu babbar mura ta zo, a mako guda aka fitar da mutum biyar daga gidan ubanta. "Su biyun nan ba sa nesa da juna," in ji ta. Abin da Malamarmu ta faɗa a aji ke nan, amma ba da allo ba.

Alhamis, 14 ga Disamba, 1967
Na yi ƙarfin hali na yi wa Kawu bayanin sito. A sussuke dawar bana duka, a zuba a buhu, a jera a sabon ɗakinsa na kwano. Ba ta cin wuri, kuma kullum ka san abin da ya rage. Ya saurare ni har ƙarshe. Ban taɓa magana mai tsawo haka da babba ba. Ya ce, "Lauratu, ai don wannan aka kai ki makaranta." Daɗi ya kama ni har na kasa cin abinci.

Laraba, 20 ga Disamba, 1967
An gama sussuka. Kawu ya samo tsofaffin buhuna a kasuwar Funtua. Inna Tasalla, matarsa, ita ta fi kowa shan aiki, tana yi tana waƙa. Kaka ta hana a taɓa Kurma. Ta shinshina buhu ɗaya ta ajiye, ta ce, "Hatsi tsirara." Na yi kamar ban ji ba.

Asabar, 13 ga Afrilu, 1968
Na dawo hutu. Ina ma ban

Lahadi, 14 ga Afrilu, 1968
Dole in rubuta. Ƙwari sun shiga dawar. Ashe da ƙwayayensu buhunan suka zo, zafin kwano kuma ya ƙyanƙyashe su. Ka kara kunne a jikin buhu sai ka ji motsi. Na cusa hannu ya fito fari fat da gari. An shanya, an sheƙe, abin da ya tsira bai kai rabi ba. Ga sabon gero sai Agusta.

Ba wanda ya ɗora mini laifi. Da ma sun yi faɗa. Kawu cewa ya yi, "Ni na sayo buhunan, ba ke ba." Na shiga bayan Kurma na yi kukana.

Laraba, 17 ga Afrilu, 1968
Inna Tasalla kwana uku da zazzaɓi, yau ƙuraje sun feso mata a fuska da tafin hannu. Kaka ta duba sau ɗaya ta ce agana ce. An kafa mata bukka can bayan gona. Kaka ce ke jinyarta, don ta yi tata tun tana budurwa, ga zanzana nan a kumatunta. Ni nake kai abinci, tunda an yi mana lambar rigakafin agana a makaranta.

Juma'a, 19 ga Afrilu, 1968
Kawu ya je kasuwa neman hatsi. Labari ya riga shi. Masu awo suka rufe kwanukansu, wani ya ce masa ya koma sai gidansa ya yi sanyi. Ban ga laifinsu ba. Ya dawo da buhunsa a naɗe, ya zauna gindin ɗorawa bai shiga gida ba sai la'asar.

An rage tuwo zuwa sau ɗaya.

Asabar, 20 ga Afrilu, 1968
Na rubuta wa Baba takarda, ya roƙi ɗakin shan magani su turo masu lamba. Na ɗora ta a kan dutsen bakin hanya, mai keken da ke zuwa Malumfashi ya ɗauka da tsinke biyu don gudun kamuwa. Shawarata ta farko ga inda ta kai mu.

Litinin, 22 ga Afrilu, 1968
Da hantsi Kaka ta yi wanka da toka, ta ce a kawo tsani a jingina wa Kurma. Gida duka ya taru. Ta ɗora tafinta a kan shatin, ta yi 'yan maganganunta da ban ji ba, sannan ta fasa lakar da ƙotar fartanya. Ƙamshin da ya fito kamar na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Ta zaro zangarniya ta murza a hannu, ta miƙo mini. "Malama, duba mana da idon boko." Ja wur, ƙwaya cikakkiya, ko huda ɗaya babu. Na ce lafiyarta lau.

Ta ce zai kai mu sabon gero in ba a yi almubazzaranci ba. Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi.

Alhamis, 25 ga Afrilu, 1968
Masu lamba sun zo. Kafin motarsu ta tsaya mata sun kwashe yara sun ɓuya a bayan tarin karan dawa, haka aka saba. Ni da ban iya ɗaga hannu a aji ba, na tsaya tsakar gida na naɗe hannun rigata na nuna tabon. Na ce saboda wannan nake zuwa bukka kullum ina dawowa lafiya. Kaka ta kama damtsena ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wato shi ma ajiya ce." Sai ta ɗaga murya: duk wadda ba ta fito da ɗanta ba, ba ta ba hatsin Kurma. Kafin azahar an yi wa kowa, har Kawu, wanda ya runtse ido kamar yaro, Kaka na yi masa tsiya.

Asabar, 4 ga Mayu, 1968
Inna Tasalla ta fara cin tuwo da kanta. Ba wanda ya ƙara kamuwa. Ta ce in kawo mata madubi, na ce na manta. Ta yi dariya, ta ce, "Ba ki iya ƙarya ba, 'yata."

Asabar, 10 ga Agusta, 1968
Sabon gero. Saura dami huɗu a gindin Kurma. Huɗu kacal.

Asabar, 14 ga Disamba, 1968
Yau aka cika Kurma. Kaka ta ce gwiwarta ba ta son tsani, ni na shiga ciki ina karɓar dammuna, kawuna ciki, gindi waje, toka tsakani. Na fito fara fat kamar buhunan bara.

An haifi biyu a gidan bana. Na ce a hankali, Kaka, in bakuna suna ƙaruwa, ɗaya cikin goma ba zai isa ba nan gaba, a ƙara dami biyu ga kowane jariri. Na jira ta ce ina ƙirga mata jikoki. Sai kawai ta ce wa Kawu ya miƙo huɗu.

Da aka yaɓe bakin ta danna tafinta a ɗanyar laka. Sai ta ja nawa ta danna kusa da nata. Na ce ni fa makaranta nake, kuma ni ce na... Ba ta bari na ƙarasa ba. "Wadda ta taɓa jin motsin ƙwari ba ta buɗe rumbu da wasa."

Ba wani abu ba ne, shatin hannu ne kawai. Nawa ya ɗan fi nata tsawo. Sau uku na zaga bayan ɗaki, don dai in ga ko lakar ta bushe.