Rabon Tocilolin Aljihuna

Da sunan Allah nake farawa. Ni mahaifinku nake rubuta wannan da hannuna, cikin hankalina, ba zafin ciwo ke sa ni magana ba, kuma ba wanda ya tsaya a kaina. Likita ya gaya mini halin da hantata take ciki, na gode masa da bai yi mini kwana-kwana ba. Gida da shago ba ni da ta cewa a kansu, a raba yadda addini ya tsara. Abubuwan da zan ambata ƙanana ne, na bayar da su kyauta tun ina raye, mahaifiyarku ce shaida.

Na ɗaya. Kun sha yi mini dariya wai ko suna aka gayyace ni da rana tsaka sai na tafi da tocila a aljihu. Mai gyaran famfo a duhu yake neman abincinsa: ƙarƙashin wurin wanke-wanke, cikin silin, bayan tanki. Don haka ku ji yadda ake zaɓenta. Kada ta fi ɗan yatsa tsawo sosai, domin wadda ta yi nauyi a gida za a bar ta. Ta ci batirin da ake samu a kowane kanti. Makunninta ya zama a gindi, mai ɗan tauri, kada ta kunna kanta a aljihu ta cinye batir kuna zaune. Kada mai kanti ya ruɗe ku da ƙarfin haske. Mai kashe ido ba ta nuna ɗigon ruwa a jikin bututu, ƙyalli kawai za ka gani.

Na biyu. Baƙar nan da fentinta ya goge, ta Babba ce, tunda shi ya gaji sana'ar. Babba, ka san na juya maƙalinta baya don ta kama bakin hula, hannuwa biyu su samu aiki. Robar da na naɗa mata a tsakiya daga tayar keke na yanko, saboda na taɓa fasa haƙori ina riƙe da ƙarfenta a baki. Akwai ɗan zoben roba a wuyanta, shi ke hana ruwa shiga. Ka riƙa shafa masa giris kaɗan. In ya tsinke ka canja, kada ka ce za ka ɗaure da zare irin aikinka na gaggawa.

Na uku. Mai maganaɗisu a gindi ta Auta ce. Ni na manna shi, yana kama jikin mota ya tsaya cak. Auta, kai direba ne, ka sa ta a aljihun wando, ba a akwatin mota ba, domin ranar da za ka buƙace ta wataƙila kana ƙarƙashin motar. Kuma ka daina haska mutane a fuska idan kana magana da su. Na ga kana yi wa 'ya'yan yayanka, ba wasa ba ne, rashin ladabi ne.

Na huɗu. Injin huda bango da ke bayan ƙofar shago ba namu ba ne, na maƙwabcinmu tela ne, kunya ta hana shi tambaya. A goge shi a mayar masa. Tsohuwar da ke bene na sama kuma na yi mata alkawarin canja kan famfon banɗakinta, na riga na ajiye shi a jakar aiki. A je a ɗaura mata.

Na biyar, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Siririyar farar, mai kama da biro, ta Nas ce, 'yata mai aikin asibiti. Ita ce na goge gilashinta da takardar yashi don haskenta ya bazu a hankali. Ranar da na je gidan Nas ina ƙorafin kasala, ita ta zaro ta daga aljihun rigata, ta ɗaga fatar idona ta haska. Na ga hannunta ya tsaya. Na tambaye ta me ta gani, ta ce, "Baba, idonka ya yi rawaya, gobe zan kai ka asibiti." Ni na ce kada ta gaya wa kowa sai sakamako ya fito. Ta roƙe ni ko Babba kaɗai ta sanar, na ƙi. A lokacin matarka, Babba, tana kan gwiwa, ga aikin famfon makarantar nan da ka karɓa, ban ga amfanin ɗora maka abin da ba a tabbatar ba. Ko yau aka sake, haka zan yi.

Tun da ka ji labari ka daina amsa gaisuwar ƙanwarka, kana cewa ta mayar da kai bare a ciwon ubanka. In ta shigo dubiya ka fita, in ka shigo ta koma kicin. Ina kwance ina ganinku. Ka sani ita kaɗai ta ɗauki wannan nauyi, tana kai ni gwaji ta dawo ta yi dariya da ku. Umarnina ta bi. In fushi za ka yi, da ni za ka yi, kuma ka hanzarta tun ina nan.

Na shida. Sauran tocilolin da ke cikin gwangwani na mahaifiyarku ne, ta ba wanda ta ga dama. A dai cire musu batir, in ya daɗe a ciki zubewa yake yi ya cinye su. Kada ku bar ta ita kaɗai a gidan nan da sunan kowa yana da hidima. Ku tsara zuwa a tsakaninku, kada ta zama mai kiran waya tana roƙo.

Allah ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku, ya tsare ku daga abin kunya, ya sa ku ci halal. Na yafe muku, ku ma ku yafe mini. Ku riƙe juna, kada a ji kanku a waje. Babba, famfon kicin ɗin ƙanwarka ya daɗe yana ɗiga, ta tara masa bokiti ta ƙi kiran wani mai gyara. Ka ɗauki jaka ka je, ba sai an yi zaman makokina ba.