Takardar Ta Ce Iyata Ba Ta Ƙaunar Mutane

Gwaggo Kande, ki taimake ni, kaina ya kulle.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a Gumel. Wani likitan ƙwaƙwalwa daga Kano ya ɗauke mu aikin gwada wasu tambayoyi na auna halin mutum, da aka juyo daga Turanci zuwa Hausa da Fulatanci, don a ga ko suna auna maza da mata daidai. Direbobin Maigatari sun amsa suna ta dariya. Mata kuwa, daga Gagarawa har rugagen Sule Tankarkar, da an zo kan nuna wa miji ko 'ya'ya so sai su sunkuyar da kai su ce a'a.

Tsautsayi ya sa na gwada a kan Iyata. Ni ce 'yar farinta, tun da nake ba ta taɓa kiran sunana ba. Na san kunya ce, ba yau aka haife ni ba. Amma da na tambaye ta ko akwai wanda take jin kusa da zuciyarta, ta juya mini baya ta ce babu. Na haɗa makinta, ta faɗa cikin waɗanda ba sa iya shaƙuwa da mutane, su ne kuma likitan zai nemi gani ran Litinin. A kira Iya gaban likitan ƙwaƙwalwa, garin nan ya ji? Abokiyar aikina Asama'u ta ce in gyara amsoshin kawai. Ni kuma abin da ke cina, idan gaskiya ta faɗa fa?

Mai damuwa, Gumel

'Yata, kada ki gyara amsa ko ɗaya. Na ga dalilin Asama'u, mutuncin Iya take karewa, amma in kika gyara, za a ɗauka tambayoyin ba su da matsala, gobe a yi wa dubban iyaye irin wannan hukunci. Tambayoyin ake gwadawa, ba Iyarki ba, kuma likitan don ya gano inda suke tuntuɓe ya ɗauke ku.

Ki same shi kafin Litinin. Ki nuna masa yadda matan suka amsa, ki bayyana masa kunyar ɗan fari, ki kuma gaya masa 'ya ce ta tambayi uwarta, don haka a ware wannan takarda. In Iya ta yarda, Asama'u ta sake tambayarta ba kya gidan.

Saura abin da ke cinki. Kin zaunar da ita, ke da ba ta iya kiran sunanki, kin ce ta faɗi wanda ke zuciyarta. Me kike so ta ce? Da babu kowa a can, da ta faɗa tana kallon idonki. Ta juya baya ne saboda wadda ke zuciyar tata tana zaune a gabanta.

Allah ya bar miki ita, ya sanyaya zuciyarki.

Gwaggo Kande