Kwantiragin Igwa

Litinin, 6 ga Oktoba
Don Eufemio ya sake ɗauko mana ɗan wasa bai tambaye ni ba, ni da nake kocin ƙungiyar. Mutumin nan ƙanƙara yake sayarwa, amma tun da ya sayi ƙungiyarmu, Kaguwoyin Boca Salada, yake ganin ya fi kowa sanin besbol, wasan jifan ƙwallo da bugu da sanda. Wannan karon mai jifa ne, Bienvenido Peguero, wanda ake kira Igwa. Kwantiragin shekara uku, ba kora, sai in shi da kansa ya ce ya gaji. Na ce, "Don, a ina ka ga jifansa?" Ya ce a bidiyo. Na kalli bidiyon. Lokacin Igwa yana da gashi.

Alhamis, 9 ga Oktoba
Igwa ya zo atisaye. Tumbinsa ya riga shi shigowa fili. Bai daɗe da fara jifa ba ya nemi kujera.

Asabar, 18 ga Oktoba
Wata sabuwa. Don ya yi ta alfahari wai ya ƙwato Yeison, gwanin bugun nan na abokan hamayyarmu. Ashe tagwaye ne. Yeison na can inda yake, wanda ya sa mana hannu Yeikol ne, mai aski. Yaron kirki, ya gyara wa kowa kai kyauta. Sandarsa dai har yau ba ta gaisa da ƙwallo ba.

Lahadi, 26 ga Oktoba
An ci mu. Ƙwallon Igwa tafiya take kamar mai ciwon ƙafa, har tsohuwar da ke sayar da soyayyar ayaba ta ce, "Kawu, ba ni in kai wa mai bugun da hannu, na fi ta sauri." Masu bugunsu suka yi ta cilla ta bayan katanga, ɗaya ta fasa gilashin motar Don. Wannan kam ban ji haushi ba.

Talata, 4 ga Nuwamba
Matata Nelsy ta ce ko a barci Igwa nake zagi.

Juma'a, 14 ga Nuwamba
Mu ne na ƙarshe a teburi. Don ya kira ni ɗakin ƙanƙara, haƙorana na kaɗawa don sanyi. "Dionisio, ka sa Igwan nan ya ajiye kwantiragin da kansa. Ka ci masa fuska, ka shanya shi a benci. In kakar wasa ta ƙare yana nan, kai za ka tafi." Na ce ai ba ni na kawo shi ba. Ya ce, "Haka ne, amma kai ba ka da irin kwantiraginsa."

Asabar, 22 ga Nuwamba
Na je gidansa da maganar a bakina. Na same shi ya ɗaure ƙanƙara a kafaɗa, yana soya kifi da hannun hagu. Ban ko zauna ba ya ce, "Koci, na san abin da ya kawo ka. Na gaya wa Don hannun ya mutu, ya ce kunya ce irin ta manyan 'yan wasa." Ya juya kifin. "Shekaru ina gadin kanti, ba mai sanin ni waye. Yanzu ko zagi ne, da sunana ake yi."
Muka ci, muka buga domino. Ya lallasa ni. Maganar dai na dawo da ita gida.

Lahadi, 7 ga Disamba
Wasan ƙarshe, da ƙungiyar Yeison. Na sa Igwa. An ci mu, ba mamaki. Amma ya fitar da Yeison ɗin daga bugu, don duk jifa sai gwanin ya kai duka ƙwallo ba ta iso ba. Jama'a suka miƙe suna kiran sunansa. Mai askin ya rungume shi yana hawaye, ɗan'uwansa na kallo. Ni ƙasa ce ta shiga mini ido.

Laraba, 10 ga Disamba
Na gaya wa Don cewa Igwa ya ƙi ajiyewa. Bai san ban tambaya ba. Ya ce zai yi tunani a kaina bayan Kirsimeti. To, ya yi ta yi.
Nelsy ta gan ni da kifi a leda, ta ce ina zuwa? Na ce akwai kafaɗar da ya kamata a duba, aikin koci ne. Ta ce ai kaka ta ƙare. Na ce na sani.