Ƙafar Baba Ta Ɗan Gaji

Guovdageaidnu, 3 ga Nuwamba

Ƙanwata Ravdna,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan aikin jinya a Tromsø bai cinye ki ba.

Baba ne. Rikicin tsufa ya share masa Norwijiyanci tas, sai yarenmu na Sami kawai yake ji. Likitan asibitin garinmu sabo ne, na biyar a bana. Ta bakin tafinta a waya ya tambayi Baba lafiya, Baba ya ce, "Ƙafar ce ta ɗan gaji." Likita ya ba shi man shafawa. Da na cire masa takalmi a gida, sai ga yatsu biyu sun yi baƙi.

Babu mai jin yarenmu a wurin tun da kika tafi. Ki dawo. Ga bareyin da muke kiwo na jira a kai su makiyayar hunturu, ga Baba, ni ɗaya.

Ki huta lafiya.
Yayanki, Heaika

Tromsø, 7 ga Nuwamba

Yaya,

Ina gaisuwa. Ka mayar da shi yau, ka cire takalmin a gabansu. Kai ma ka sani, in tsohonmu ya ce "ɗan gaji", abin ya kai maƙura.

Batun dawowa kuwa, ka bar shi. Shekara shida ni ce nas, ni ce tafinta, ni ce mai kai labarin mutuwa gidajen dangi. Ko burodi na je saye sai wani ya ɗaga rigarsa ya nuna min ƙurji. Na gaji, Yaya.

Taka, Ravdna

Guovdageaidnu, 25 ga Nuwamba

Ravdna,

Gaisuwa. An kai shi babban asibitin bakin teku, an yanke yatsun. Kwana huɗu ya ƙi abinci, ya juya wa kowa baya. Sai wata mai goge ƙasa, 'yar garin Karasjok, ta ji yana gunaguni, ta ce da yarenmu, "Kaka, kai ɗan wane gida ne?" Ya lissafo mata kakanni bakwai, ya shanye miya.

Da sunanki yake kiranta. Ba ta gyara masa ba, ni ma ban gyara ba.

Ba roƙo nake ba. Gaya miki kawai nake.

Sai wata rana,
Heaika

Tromsø, 29 ga Nuwamba

Yaya,

Na karɓi hutun wata uku. Uku na ce, kada ka je kana shela.

Motar Juma'a zan biyo. Kada ka gaya wa Baba. Ina so in ga wa zai ce ni ce.

Ravdna