Durom Ɗaya Ya Rage a Tsakar Gida

Makera, Kaduna.

Zuwa ga Yayata Hajara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da jego, Allah ya ƙara miki lafiya, ya raya mana jaririya cikin albarka. Mu nan ƙalau muke, tarin Baba ma ya lafa, har ya koma kasuwa.

Yaya, rubutu na zaɓa don in na kira ki kuka zan yi. Ba zan samu zuwa Fatakwal suna ba. Kin san maigidana yana gwajin aiki a wani ƙaramin kamfani a Kudenda. Sun ba shi irin gansakuka ya raina a gida, amma tasu ido ba ya ganin ƙwayarta, sai dai ruwan ya koma kamar miyar kuka. Ya ce cikinta cike yake da sitaci, za a tace a tsima shi ya zama man mota. Durom huɗu ya jera a tsakar gida inda rana ke bugawa, da ɗan injin da ke hura musu iska. In an ɗauke wuta ni ce injin. Duk rabin awa sai na juya da muciya, in ba haka ba ta kwanta ƙasa ta ruɓe. Littafi a hagu, muciya a dama, haka nake yini.

Ranar Litinin na fita aron kashi na uku na littafin da nake karantawa, don na baro yarinyar cikin labarin a tasha tana jiran wanda ban tabbata zai zo ba. Minti ashirin na yi. Maƙwabciyarmu Maman Hope ta ga koren ruwa a buɗe, ta ce sauro zai ƙarar mata da yara, ta ɗiɗɗiga kananzir a durom uku yadda muke yi wa kwata, gansakukar cikinsu ta mutu. Na huɗun ƙofa ce ta kare shi. Da murmushinta ta tare ni, wai ta rage mini aiki.

Da maigidana ya dawo bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya tsuguna ya shinshina su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya dafa na ƙarshen ya ce, "Nusaiba, wannan shi ne aikina." Nan da mako biyar mutanen kamfanin za su zo su auna gansakukar. In ta rayu su ɗauke shi, in ta mutu ya koma zaman gidan da ya shekara yana yi.

Jiya ya ce in tafi abina, zai samo mai juyawa. Ni da shi mun san babu wanda zai samo. Yau da safe na kwashe kayana daga jaka na mayar sif. Rigunan jaririya Inna za ta taho miki da su.

Ki gaida Yaya Haruna da Goggo Asabe, ki shafa mini kan ɗiyata. In ta yi wayo ki ce mata na so zuwa.

Ƙanwarki,
Nusaiba