Agogon Bango Ya Yi Gaba da Awa Ɗaya

Daga ofishin Babban Likitan Ido,
Hawa na uku, ɗaki mai sanyi.

Zuwa ga Dattijo mai gyaran agogo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da agogunan shagonka, masu tafiya da waɗanda suka tsaya. Yaya ƙarfin jiki? Allah ya ƙara afuwa, amin.

Dalilin wannan takarda, labari ya iso mana cewa shekara goma sha huɗu kana tare da ciwon suga, amma ko sau ɗaya ba ka kawo idonka an duba ba. In an yi maka magana sai ka ce ai ido ba ya ciwo. To Dattijo, wannan cuta ba ta sallama. Cikin masu suga uku, kusan ɗaya ta taɓa masa jijiyoyin bayan ido, kuma da yawa ba sa sani sai sun fara gani dishi-dishi. Daɗewa da ciwon yana ƙara haɗari. Haka in suga ya zauna a sama ya miƙe ƙafa. In hawan jini ya shigo, ga mari ga tsinka jaka. Kai kuwa duka ukun ka kwashe, ba ka rage wa kowa ba.

Ma'aikatanmu sun gano gwangwanin nan na ƙarƙashin tebur, wanda ka ce wa matarka Iya na ƙananan kusoshi ne. Kusoshin farare ne, kuma suna narkewa a shayi. Ƙwayoyin hawan jininka kuma suna cikin durowa tare da matattun batura, ko ledarsu ba a ɓare ba.

Amma ba wannan ya tayar mana da hankali ba. Akwai jikanka mai babur, wanda kake kira Shaƙiyyi. Ran Talata da ka fita alwala, ya hau kujera ya tura babban agogon bango gaba da awa ɗaya. Tun yana ƙarami yake maka haka, kai kuma daga bakin ƙofa kake ganewa, ka bi shi da takalmi. Wannan karon ka shigo, ka ɗaga kai ka kalli agogon, ka zauna. Ya jira takalmi, shiru. Ya dawo Laraba, ya dawo Alhamis, agogo na nan yadda ya bar shi. Ya ga kana kara agogon mutane a kunne, kana laluben kusa da yatsa alhali tana gabanka. Dariyar da na tanada tun Talata, har yau ban yi ta ba.

To, bakina ya suɓuce. Dama wane babban likita ne zai rubuto maka da ajami, da tawadar allo? Kaka, ni ne Shaƙiyyi. Ranar Juma'a na je asibiti na tsare wata nas da tambaya har ta gaji da ni, duk abin da na faɗa a sama daga bakinta na haddace. Ta ce magani kawai za a ɗiga maka a ido a leƙa ciki, kuma in an tari abin da wuri, ana iya tsare ganin da ya rage.

Na yi rubutun da manyan baƙi saboda kai. In da idonka ka karanta, alhamdu lillahi. In kuma Iya ce take karanta maka, Iya ki riƙe masa hularsa kada ya gudu. Litinin da ƙarfe takwas zan zo da babur, takwas ta gaskiya, ba ta bangonka ba.

Agogon ba zan gyara ba. Na bar shi sai ranar da ka gano da kanka, ka jefe ni da takalmi.

Ka gaida Iya. Allah ya bar mana kai da idonka.

Naka jikan da ya fi kowa sonka,
Shaƙiyyi